Yawun Uwar Soja

"Inna, ɗan buɗe bakin kawai. Ba allura ba ce, babu zafi."

Uwar Soja ta dubi ɗan tsinken mai auduga a kai, ta dubi matar da ke riƙe da shi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta har hanci. Ta cikin mayafin ta yi magana.

"Amarya, raka baƙuwa. Ta gaji."

Amarya na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayin da ta kawo, ta rasa inda za ta sa idonta. 'Ya'yanta biyu, amma har yau duk gidan hayar Amarya ake ce mata, don ba ta daina sunkuyar da kai ba tun ranar da aka kawo ta. Ɗakinta ne ke manne da na tsohuwar. Bangon siriri ne, ko tari aka yi sai ya tsallaka, kuma tun da ciwo ya kwantar da Uwar Soja, tarin nan ne ke kiran Amarya kafin kowa.

Baƙuwar ba yau ta fara zuwa ba. Daga ofishin neman sojojin da suka ɓace take, mutanen gidan suna ce mata Malama. Ita ta samar wa jikar tsohuwar gurbi a makaranta, ita ta kawo katin asibiti. Duk wannan tsohuwar ta karɓa tana harara. Amma zuwan yau daban ne. An tona wani wuri a can bakin dajin da aka yi yaƙi, an sami ƙasusuwa da takalman soja, kuma ana bin iyalai gida-gida ana ɗibar yawu don a gane na wane ne na wane.

Matar Soja, surukar tsohuwar, tana zaune a ƙasa daga ƙafar gado. Mijinta ya tafi yarinyarsu tana rarrafe, ga shi yanzu yarinyar tana karanta allon shago da kanta.

"Malama, ba kin ɗibi na 'Yar Baba ba?" ta ce. "Ai 'yarsa ce. Bai isa ba?"

"Na ɗiba, zai taimaka. Amma ƙashin da ya daɗe a ƙasa, rana ta buge shi, ruwa ya buge shi, abin da ya fi saura a cikinsa shi ne wanda mutum ya gada daga uwa. Namiji ba ya ba 'ya'yansa wannan. Shi ya sa muke neman na Inna."

"To ku yi ta nema," in ji tsohuwar. "Ɗana ba ƙashi ba ne."

Malama ta mayar da tsinken cikin ledarsa ba tare da ta ɓata rai ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi ƙafafun tsohuwar da suka kumbura suka leƙo daga ƙarƙashin bargo, sannan ta dubi Amarya. Amarya ta gane. Likita ma irin kallon nan ya yi.

Kafin Malama ta kai bakin titi, magana ta riga ta isa famfo.

"Kun ji? An ce yawun yarinyar bai yi ba," in ji matar mai shago, tana tura bokitinta gaba da ƙafa. "Ni dai ban ce komai ba. Amma yarinyar nan, ku dubi hancinta."

"Kai, ji tsoron Allah. Hancin ubanta ne sak."

"To me ya hana tsohuwar ta bayar? Tofa yawu wahala ne? Mu da muke tofarwa a banza kullum?"

Aka yi dariya. Wata mai wanki ta ce ita ba ta ga laifin tsohuwar ba. Mutanen ofis so suke su rage aiki, su kwaso ƙashin kowa su danƙa maka, su ce ga naka. Matar mai shago ta girgiza kai, ta rage murya yadda kowa zai matso.

"Ba a nan take ba. Tsohuwar nan ta san inda ɗanta yake. Gudu ya yi daga soja. Kun taɓa ganin ta yi kuka? Ko sau ɗaya? Uwa ce fa. Amarya, ke da kike jin numfashinta, faɗa mana."

"Ni ban sani ba," in ji Amarya, ta ɗauki bokitinta bai ma cika ba.

Amma maganar ta bi ta ɗaki. Tana yanka albasa tana juya ta. Gaskiya ne, ba ta taɓa ganin hawayen tsohuwar ba. Kuma akwai ranar da wani tsohon abokin Soja ya zo gaisuwa da sanda a hannu, ya ce, "Inna, kamarki ya ɗauko a ido," sai tsohuwar ta miƙe ta fita ta bar shi da kofi a hannu. A lokacin Amarya ta ɗauka baƙin ciki ne. Yanzu ta rasa me za ta ɗauka.

Washegari da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, Matar Soja ta ɗaga labulen Amarya ta shigo ba sallama. Ta buɗe tafin hannu. Auduga ce 'yar dunƙule da ƙaramar leda.

"Ke kaɗai take bari ki taɓa fuskarta. In ta yi barci, ki goga a cikin kumatunta. Ni zan kai wa Malama."

"Yaya, Malama ba za ta karɓa ba. Ta ce sai da yardar mutum."

"Zan ce ta yarda."

"Yaya…"

"Dube ni." Matar Soja ta kama hannunta. "In an yi biki a layin nan, in na sa jan-baki a ce ga mai miji a daji tana kwalliya. In ban sa ba a ce ina yi wa mai rai takaba. Yarinya ta tambaye ni babanta ya mutu ko yana nan, in ce mata je ki wanke hannu. Tsohuwar nan in ta tafi da bakinta a rufe, shi ke nan, ba shi da wa, ba shi da ƙanwa. Haka zan zauna har in tsufa a kan wannan tabarmar. Kuma wallahi akwai abin da ta sani. Jiya na ce mata, Inna, in yana raye ki faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba. Ta ce in miƙo mata buta."

Amarya ta karɓi audugar don ba ta iya cewa a'a ga wanda ke kallon idonta.

Da rana ta take, gidan ya yi tsit, sai rediyon wani ɗaki can ƙarshe. Ta shiga. Ɗakin na warin man zafi da sabulu. Kwalaben magani a jere bisa akwatin ƙarfe, hoton Soja da kakinsa a jingine da bango, hularsa ta karkace. Tsohuwar na kwance rigingine, baki a ɗan buɗe, numfashi na fita da ƙyar. Amarya ta durƙusa. Ta fito da audugar. Ta kai ta daf da leɓe.

"Ita ta aiko ki, ko ta ofis?"

Idon tsohuwar a buɗe yake tar. Amarya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɓoye hannun a bayanta kamar yarinya.

"Inna, ki yafe mini."

"Fito da shi. Auduga ce, ba wuƙa ba." Tsohuwar ta yi tari mai tsawo. Amarya ta tallafo kanta ta ba ta ruwa. "Me suke cewa a famfo?"

"Ba komai."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, kunnenki ke motsi. Suna cewa na ɓoye shi a ƙarƙashin gado?"

"Sun ce kin san inda yake."

"Da na sani, da da rarrafe zan je." Ta mayar da idonta kan rufi. "Saki labulen nan. Matso."

Amarya ta saki labule ta dawo.

"Na'urar tasu, an ce tana gane uwa da ɗa. Ba ta kuskure."

"Haka Malama ta ce."

"To ba ni na haife shi ba."

Rediyon can ƙarshe ya canza waƙa.

"Yayata ce. Ta haife shi da safe, kafin la'asar an rufe ta. Uban ya ce bai iya da jariri ba, ya miƙo mini shi a zani ya tafi, ban ƙara ganinsa ba. Ni ban taɓa haihuwa ba, ko ɓari. Na ɗauke shi muka bar garin. Duk inda muka sauka, uwa da ɗa. Bai sani ba. Ya tafi bai sani ba." Ta juyo da kai. "Yanzu in buɗe baki, na'ura ta ce wannan ba uwarsa ba ce. In ƙashin nasa ne, su ce ba nasa ba, saboda ni. Su zuba shi cikin na wasu. Ga shi na ɓatar da shi, ga shi duk layi ya ji cewa Uwar Soja ba uwar kowa ba ce. A bakin kabari za a karɓe mini suna?"

"Inna, a gaya wa Malama mana."

"Ma'aikaciya? Abin da ya shiga kunnensu ya shiga takarda, abin da ya shiga takarda ya shiga rediyo. Ke ma don na kama ki ne. Ki rantse."

Amarya ta rantse ba za ta ambaci sunanta ga kowa ba. A tsakar gida Matar Soja na jira, ta tsare ta da ido. Amarya ta girgiza kai.

"Ta farka."

"Kun daɗe. Labule a sake. Me ta ce miki?"

"Ruwa ta sha."

Matar Soja ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke ma kin shiga ciki ke nan," ta ce, ta juya. Ranar ba ta amsa sannun Amarya ba.

Kwanakin da suka biyo, tsohuwar ta daina shan shayi. Cokali biyu na ruwa, sai ta kawar da kai. Amarya na jin tarin ta bango yana raguwa, kuma raguwar ta fi tarin tsoratar da ita. Wata safiya ta goya ƙaraminta, ta ce wa mijinta asibiti za ta, ta hau mota zuwa ofishin.

Ba ta taɓa shiga ofis ita kaɗai ba. Bene ne mai matakala masu duhu. A sama, dogon benci cike da mata da tsofaffi, kowa da hoton namiji a hannu ko a cikin leda. Fanka na juyawa tana ƙara ba ta ba da iska. Ba mai yi wa wani magana; kowa na satar kallon hoton na kusa da shi. Sau biyu Amarya ta miƙe za ta gudu, goyon ya yi motsi ta koma ta zauna.

Malama ta gane ta. "Maƙwabciyar Inna. Lafiya? Ba dai…"

"Tana nan." Amarya ta zauna a gefen kujera, idonta a kan tebur. "Tambaya ce. Ba tawa ba. Wata ce ta aiko ni."

"Wata."

"Eh. A ce… mace ta riƙe yaro, ba ita ta haife shi ba. In aka ɗibi yawunta, zai ɓata aikin?"

Malama ta ajiye biro. Ta daɗe tana kallonta. "Matar Soja ce ta aiko ki? A kan yarinyar ne?"

"A'a! Wallahi a'a. Yarinyar tasa ce."

"To ke ce? Akwai naki da ya ɓace?"

"A'a."

Malama ta miƙe ta rufe ƙofa, hayaniyar benci ta yanke. Ta dawo ta zauna kusa da ita, ba a bayan tebur ba. "In ba ta faɗa mana ba, eh, zai iya ɓatawa. In ta faɗa, ya danganta. Watar nan taki, mene ne haɗinta da yaron?"

"Ɗan yayarta ne."

"Ita da yayar, uwarsu ɗaya?"

Amarya ta tuno hirarsu da tsohuwar. Ba ta tambaya ba. Bai ma zo mata a rai cewa abin tambaya ne ba. Yaya ai yaya ce.

"Ban sani ba."

Malama ta janyo jakarta daga ƙarƙashin tebur. "Tashi mu je mu tambayi watar."

"Na rantse ba zan faɗi sunanta ba."

"Ba ki faɗa ba. Ni dai zan je duba mara lafiya."

Suna shiga gidan, matan famfo suka yi shiru gaba ɗaya, ruwa na zuba a bokiti har ya tumbatsa. Matar Soja ta fito daga ɗakin tsohuwar da kwano a hannu, ta ga su biyun tare, fuskarta ta canza.

"Asibiti aka ce kin tafi."

"Yi haƙuri, ki ɗan ba mu wuri," in ji Malama. "Zan kira ki."

Tsohuwar ta ƙanƙance cikin bargo. Ta buɗe ido da ƙyar, ta ga Malama, ta nemo Amarya da kallo.

"Munafuka," ta ce. Muryar ba ƙarfi. "Mai kunyar ƙarya."

"Ba ta faɗi sunan kowa ba, Inna," in ji Malama, ta durƙusa a gefen gado. "Labarin wata ta kawo mini. Tambaya ɗaya zan yi wa watar, in ta ga dama ta amsa. Ita da yayarta, ciki ɗaya suka fito?"

Tsohuwar ta rufe ido. Amarya ta ɗauka ta koma barci, ko abin da ya fi barci. Can leɓenta ya motsa.

"Ko wannan ma ban cika ba. Ubanmu ba ɗaya ba. Dangin ubanta har suka mutu bare suke ce mini." Ta ja numfashi. "Kin ji. Tattara tsinkenki."

"Ban tambayi uba ba. Uwa fa?"

"Uwa ɗaya. Yayata ce ta sha nono ta bar mini."

"To ita nake nema, Inna. Abin da uwarku ta ba yayarki, shi ta ba ki. Shi yayarki ta ba yaron. Abu ɗaya ne a jikinku ku uku. In yana cikin waɗanda aka tono, bakinki zai nuna shi."

Tsohuwar ta buɗe ido sosai. Ta dubi Malama irin kallon da take yi wa mai kayan miya in ya ce sabo ne.

"Daɗin baki kike mini don ina mutuwa."

"Da daɗin baki ne, da tun zuwan farko na yi."

"Su wa za su ji?"

"Masu gwaji, dole in gaya musu gaskiya, in ba haka ba aikin ya lalace. Su ba su san ki ba, ba su san layin nan ba. Abin da ake kiran ki a gidan nan kuwa ba aikina ba ne."

"Rediyo fa?"

"Ba ruwan rediyo da ke."

Goyon Amarya ya yi atishawa. Tsohuwar ta ɗaga yatsa ta nuna ƙofa.

"Kira uwar yarinyar. Ta gani da idonta, kar ta ce na tafi da hakkinta."

Matar Soja ta shigo ta tsaya jikin bango, hannu a harɗe, tana duban kowa ɗaya bayan ɗaya. Malama ta sa safar hannu, ta yage leda. Amarya ta tallafo kan tsohuwar a kan cinyarta; ba nauyi, kamar ƙwarya. Uwar Soja ta buɗe baki. Ya bushe ƙwarai, sai da Malama ta juya tsinken a hankali, ciki da kumatu, dama da hagu, sannan ta zura shi cikin 'yar kwalba ta murɗa murfin.

"Shi ke nan?" in ji tsohuwar.

"Shi ke nan."

"Duk wannan faɗan." Ta lumshe ido. Sannan ta kama gefen rigar Malama. "In kun same shi, ku ce masa uwarsa ce ta aiko."

"Zan faɗa."

Matar Soja ta zame jikin bango ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta kama ƙafar surukarta mai kumburi ta shiga matsawa a hankali. Ba ta tambayi Amarya komai ba, ranar ko bayanta, ko da yake wani lokaci Amarya kan ɗago ta tarar tana kallonta.

Tsohuwar ba ta ƙara magana mai tsawo ba. Wata safiya Amarya na ɗaura wa babbanta takalmi, ta lura bangon ya yi shiru. Ta bar takalmin ɗaya a hannun yaron ta zagaya. Matar Soja na zaune a bakin gado, ta riga ta ja mayafin ta rufe fuskar.

Gidan ya cika. Maza suka ɗauke ta kafin rana ta yi zafi, mai shago a gaba yana cewa a ba Uwar Soja hanya. A cikin mata, matarsa ta matso kusa da Amarya, ta dafa ta kamar mai ta'aziyya.

"Allah ya jiƙanta. Amma ke, tsakani da Allah, me kuka ba ta ta buɗe bakin nan? Ta faɗi inda yake?"

"Ruwa za ki sha?" in ji Amarya, ta miƙa mata kofi.

Malama ta zo da la'asar, ta zauna a tabarma cikin mata kamar kowa. Ta ce wa Matar Soja kwalbar ta isa, aikin yana ɗaukar lokaci, da zarar an gama ita da kanta za ta kira, ko mene ne.

Da mutane suka ragu, Amarya da Matar Soja suka kama katifar tsohuwar, kowa da gefe, suka fitar da ita tsakar gida inda sauran rana ta rage. Tsakiyarta ta lotsa daidai tsawon mai ita. Matar Soja ta koma ta jona wayarta a caji, ta ƙure ƙararta, ta ajiye a bakin taga tana fuskantar waje. 'Yar Baba ta zo da kayan makarantarta da ba wanda ya tuna ya cire mata tun safe. Ta cire takalmi, ta hau katifar, ta kwanta cikin lotsawar, ta naɗe ƙafafu.